Muhawarar Tsarin Mulkin 1979 da Manoman Arewacin Kano

A watan Oktoba 1975 Janar Murtala Muhammed ya kafa kwamitin rubuta tsarin mulki a ƙarƙashin Rotimi Williams, kwamitin kuwa ya miƙa daftarinsa a 1976. Daga nan aka buɗe muhawara a jaridu da jami'o'i. Manufar wannan maƙala ita ce a duba matsayin manomin Dambatta da Bichi da Minjibir a cikin wannan muhawara.

Abu na farko shi ne harshe. Da Ingilishi aka rubuta daftarin, da shi kuma aka yi mafi yawan gardamar, saboda haka abin da ya kai ƙauye bai wuce fassarar rediyo da ta Gaskiya Ta Fi Kwabo ba. Na biyu shi ne wakilci. Majalisar da ta fara zama a Ikko a watan Oktoba 1977, bisa shugabancin Mai Shari'a Udo Udoma, kansilolin ƙananan hukumomi ne suka zaɓi yawancin wakilanta, watau talaka bai jefa ƙuri'arsa kai tsaye ba.

Batun da ya fi ta da ƙura shi ne na kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'ar Musulunci ta tarayya, wanda ya sa wakilai Musulmi da yawa suka fice a watan Afrilu 1978. Ba shakka batun ya shafi mutanen karkara, tun da gaban alƙali suke kai rigimar aure da gado. Amma akwai wani batu da ya shafi tukunyarsu, watau ƙasar noma.

A wannan yanki jama'a sun yi yawa, gona ba ta hutawa, da taki ake raya ta kowace shekara. An daɗe ana gadonta, ana sayar da ita, ana jinginar da ita. Sai ga shi a watan Maris 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin zama a ƙasar karkara. Daga baya sojoji suka cusa dokar cikin tsarin mulkin, bayan majalisa ta tashi. Ke nan abin da ya fi kusa da rayuwar manomi bai bi ta hannun wakilansa ba.

Ba a kai tsarin gaban jama'a don su amince ba. Da dokar soja ya fara aiki ran 1 ga Oktoba 1979. Damar da manomi ya samu ita ce zaɓen wannan shekara, inda jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci Jihar Kano, Gwamna Abubakar Rimi kuma ya soke haraji da jangali. A nan ne aka ji bakin mutanen karkara, kuma maganar da suka yi ta haraji ce.