Tarihin Jarraba Injinan Ces da Matsaloli Masu Wuya

Wasan ces, wanda mutum biyu ke bugawa a kan allo mai gida 64, kowannensu da 'ya'ya 16 da suka haɗa da sarki da sarauniya da hasumiya biyu da giwa biyu da doki biyu da ƙananan sojoji takwas, ya daɗe da zama ma'aunin da masana kwamfuta ke auna aikinsu da shi, tun daga maƙalar da Claude Shannon ya wallafa a 1950 game da yadda za a koya wa na'ura buga shi. Manhajar da ke duba tsayuwar wasa, wato yadda 'ya'yan suke a kan allo a wani lokaci, ta lissafa takun da ya kamata a yi, ita ake kira injin ces. Da injinan suka fara yawa sai masu ƙera su suka buƙaci hanyar sanin wanne ya fi wanne, kuma da yake cikakken wasa yana cin sa'o'i alhali lokacin kwamfuta a wancan zamani yana da tsada, sai aka koma ga wata dabara mai sauƙi: a tara tsayuwa masu wuya, a rubuta takun da ake ganin ya fi kyau a kowacce, a ba injin lokaci ƙayyadadde, sannan a ƙirga nawa ya samu daidai. Dabarar ta ginu ne a kan zaton cewa amsar da ke hannun mai jarrabawa ita ce gaskiya, kuma mafi yawan abin da ya faru a tarihinta ya biyo bayan rushewar wannan zato ne sannu a hankali.

Tara matsaloli domin gwada basira ya girmi kwamfuta da shekaru fiye da dubu. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, inda ake buga tsohon nau'in wasan mai suna shaɗaranji, gwanaye irin su al-Adli a ƙarni na 9 da Abubakar as-Suli a ƙarni na 10 sun rubuta littattafai ɗauke da mansuba, wato tsayuwar da aka tsara da gangan domin mai koyo ya nemo hanyar nasara a cikinta. As-Suli ya bar wata wadda kowane ɓangare ke da sarki da waziri (ɗan da ke madadin sarauniya a shaɗaranji) kaɗai, ya bugi ƙirji cewa babu wanda ya warware ta, kuma haka ta zauna har shekarun 1980 lokacin da gwanin Rasha Yuri Averbakh ya fito da warwararta. A duk tsawon wannan lokaci hujjar amsa ita ce darajar wanda ya faɗe ta, kuma da wannan gādo masu kwamfuta suka fara.

Jerin da ya fi yaɗuwa a tsakanin masu ƙera injina ba domin su aka rubuta shi ba. Littafin Win at Chess na marubucin Amurka Fred Reinfeld, wanda aka buga da wannan suna a 1958, matsaloli 300 ne da aka tara wa masu koyo, kuma masu manhaja sun ɗauke shi ne saboda yana hannu kuma amsoshinsa gajeru ne. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko da aka tsara bisa tafarkin bincike shi ne na Ivan Bratko da Danny Kopec a 1982, mai matsaloli 24, rabinsu na farmakin gaggawa da lissafi ke warwarewa, rabinsu kuma na sanin lokacin da ya dace a tura soja ya kara da sojan abokin hamayya domin buɗe hanya, abin da ke buƙatar fahimtar tsarin wasa fiye da zurfin lissafi. Manufarsu ita ce kwatanta mutum da na'ura, kuma sun bar ƙofa ga zaɓi na biyu da na uku da na huɗu ta hanyar ba su rabin maki da sulusi da rubu'i. A farkon shekarun 1990 Steven Edwards ya daidaita wani salon rubutu mai suna EPD wanda ke bayyana tsayuwa gaba ɗaya a layi guda, tare da alamar bm mai nuna takun da ake nema da alamar am mai nuna takun da ya kamata a guje wa. Daga nan jerin gwaji suka yawaita a Jamus da Faransa da sauran wurare, wasunsu ma har da lissafin da ke mayar da saurin warwarewa zuwa makin Elo, wato adadin da ake auna ƙarfin ɗan wasa da shi.

Matsalar da ta fi nuna amfanin wannan al'ada a sigarta mafi kyau ita ce wadda Emanuel Lasker da Gustavus Reichhelm suka tsara a 1901, wadda Reuben Fine ya sanya a matsayin ta 70 a littafinsa na ƙarshen wasa na 1941. A cikinta sarkin fari yana gidan a1, sojojinsa huɗu suna a4 da d4 da d5 da f4, sarkin baƙi yana a7, sojojinsa uku suna a5 da d6 da f5, kuma duk sojojin sun cije, babu mai iya motsi. Taku ɗaya ne tak ke kai fari ga nasara, shi ne sarki ya matsa zuwa b1, domin kowane gida da sarkin fari ya taka akwai gidan da dole sarkin baƙi ya tsaya domin tare hanyoyin shiga guda biyu, kuma daga b1 ne kaɗai baƙi zai rasa sawu. Ribar ba ta bayyana sai bayan taku ashirin da wani abu na ɓangarorin biyu, zurfin da ya fi ƙarfin injinan farko, amma da yake sarakunan biyu suna ta komawa gidaje iri ɗaya ta hanyoyi daban-daban, injin da ke ajiye abin da ya riga ya lissafa a cikin teburin tuni yana warware ta nan take. Shi ya sa har yau mai rubuta sabon inji ke fara ba shi wannan matsala domin ya ga ko teburinsa na aiki. Amsarta tabbatacciya ce, kuma abin da take aunawa sananne ne, sifofi biyu da yawancin matsalolin gwaji ba su haɗa ba.

Girgizar farko ga amsoshin littattafai ta fito ne daga kundin ƙarshen wasa, wato lissafin da ke farawa daga mutuwar sarki ya dawo baya har ya tantance hukuncin kowace tsayuwa mai 'ya'ya kaɗan ba tare da kuskure ba. Ken Thompson na ɗakin binciken Bell ya gina kundin sarauniya da hasumiya a shekarun 1970, kuma a 1978 babban gwanin Amurka Walter Browne ya kasa cin na'urar cikin taku 50 da doka ta ƙayyade a karon farko duk da cewa littattafai na ɗaukar wannan ƙarshe a matsayin mai sauƙi, sai a karo na biyu ya kama hasumiyar a taku na 50 cif. A 1983 lissafin Thompson ya nuna cewa giwa biyu suna cin doki ɗaya, ko da yake abin na iya ɗaukar taku 66, alhali tun 1851, bisa nazarin masanan ces Kling da Horwitz, ake koyar da cewa mai doki na iya riƙe canjaras. A nan reshe ya juye da mujiya, domin na'urar da aka zo jarrabawa ita ce ta gyara littafin jarrabawar, har hukumar ces ta duniya, FIDE, ta tsawaita dokar taku 50, wadda ke mayar da wasa canjaras idan an yi wannan adadin taku ba a ci ɗa ko an motsa soja ba, a wasu nau'o'in ƙarshen wasa kafin ta maido da ita yadda take a 1992.

A tsakiyar wasa, inda babu kundin da zai yanke hukunci, lamarin ya fi rikitarwa. A 1994 Bafaranshe Pierre Nolot ya fitar da matsaloli 11 daga wasannin gaske, waɗanda ya zaɓa domin ganin cewa sun fi ƙarfin kowace na'ura ta lokacin, ta farkonsu kuwa daga wasa na 20 ne na karawar Garry Kasparov da Anatoly Karpov ta 1990, inda Kasparov ya afka da dokinsa kan sojan h6 a taku na 26. Feng-hsiung Hsu, ɗaya daga cikin waɗanda daga baya suka gina injin Deep Blue, ya gwada su da injinsa, wasu ya gano, wasu suka gagare shi. Da shekaru suka ja, injinan gida suka riƙa warware su ɗaya bayan ɗaya, amma ta 9 ta ƙi, kuma a hankali masu nazari suka karkata ga cewa laifin ba na injinan ba ne, sadaukarwar dokin da aka rubuta a matsayin amsa ce ba ta kai ga nasarar da aka yi zato ba. Haka ta faru da matsala ta 230 a littafin Reinfeld, inda baƙi ke sadaukar da hasumiya a gidan b4 domin buɗe wa sojojinsa hanya: an shafe shekaru ana ɗaukar injin da bai gan ta ba a matsayin mai rauni, sai bincike mai zurfi ya fito da kariyar da ta sa nasarar cikin shakka. Ko wasa na biyu na karawar Deep Blue da Kasparov a 1997 ya bi wannan hanya har sau biyu, domin bayan Kasparov ya miƙa wuya an sanar cewa ya bar canjaras a kan allo, sannan injinan da suka zo daga baya suka jefa wannan sanarwar ita ma cikin shakka.

Shakkar da ake yi wa amsa ba iri ɗaya ba ce, kuma rashin bambance nau'o'inta ya jawo gardama mai yawa da ba ta da amfani. Wani lokaci takun da aka rubuta kuskure ne tsantsa wanda ya yi nasara a wasan asali domin abokin hamayya ya rikice. Sau da yawa kuma takun daidai ne amma akwai wani da ke kai wa ga nasara kamarsa, ta yadda injin da ya zaɓi hanya mai tsawo amma tabbatacciya ke rasa maki ba da hakki ba. Akwai kuma akasin haka, inda inji ke zaɓar takun da ake nema bisa wani dalili na daban ba tare da ya hango ribarsa ba, wanda ya sa masu gwaji na ƙwarai ba sa gamsuwa da ganin taku kawai sai sun duba jerin takun da injin ke hasashen za su biyo baya da kuma makin da ya ba tsayuwar. Duk da haka bai kamata a ɗauka cewa duk inda inji ya saɓa wa mutum injin ne ke da gaskiya ba. Giwar da Alexei Shirov ya jefa gidan h3 a wasansa da Veselin Topalov a Linares ta Sifen a 1998 ta gagari injina shekaru da dama alhali daidai take, kuma akwai raunin da ke cikin ginin injinan kansu: dabarar da ke zaton cewa yin taku ya fi rashin yinsa tana makantar da su a halin tilas, wato inda kowane taku ke cutar da mai yinsa, haka nan ganuwa, wato tsayuwar da mai ƙarancin 'ya'ya ya toshe ta yadda ba a iya shiga, ta daɗe tana sa su ƙirga nasarar da babu ita.

Masu tsara gwaji sun amsa wannan shakka a kan amsoshi ta hanyoyi biyu. Dann Corbit da Swaminathan Natarajan sun gina jerin Strategic Test Suite mai matsaloli 1500 a ƙarƙashin jigogi 15, inda aka tantance amsoshi da injina masu ƙarfi na tsawon lokaci kuma ake ba taku na biyu da na uku wani kaso na maki, wanda komawa ne ga hikimar Bratko da Kopec. Wasu kuma, irin su Jon Dart mai injin Arasan, suka mayar da jerinsu abin sabuntawa, suna cire matsalar da ta yi sauƙi ko aka gano tana da amsa biyu. Wannan aikin tacewa, wanda akasari 'yan sa-kai ke yi ba tare da lada ba, ya cancanci yabo fiye da yadda ake ba shi, domin jerin da ba a tace ba yana ladabtar da inji a kan gaskiyarsa, kuma mai ƙerawa da ya lanƙwasa injinsa domin ya dace da amsoshin yana iya ƙara maki alhali ƙarfin wasa na raguwa.

Wannan haɗari na ƙarshe ne ya raba jerin matsaloli da kujerar alƙalanci. Tun 2013 masu gina injin Stockfish suke auna kowane gyara ta tsarin Fishtest, inda kwamfutocin 'yan sa-kai ke buga dubun-dubatar gajerun wasanni tsakanin sabon salo da tsoho, sannan ƙididdiga ta yanke hukunci. Bayyanar injinan AlphaZero a ƙarshen 2017 da Leela Chess Zero a 2018, da shigar ƙwaƙwalwar koyo ta NNUE cikin Stockfish a 2020, sun sauya irin matsalolin da ke da wuya, domin sadaukarwa ta dogon zango da a da ke gagarar na'ura ta zama abin da take gani da wuri. Kundin ƙarshen wasa kuwa ya kai 'ya'ya bakwai a 2012 a Jami'ar Mosko, inda aka sami tsayuwar da nasararta ke buƙatar taku fiye da 500. Abin da ya rage wa jerin matsaloli a yau shi ne aikin gano cuta: nemo ganuwa da halin tilas da tsararrun matsalolin da har yanzu ke ɓatar da manyan injina, sannan a bi kowace amsa da bincike daga ɓangarorin biyu, ana tura takun da ake zato gaba ana dawowa baya, kafin a yarda a rubuta alamar bm a gabanta.