Kasarol na Taliya da Kifin Tuna: Tarihinsa daga Tanderu zuwa Tukunyar Matsin Tururi

Kasarol na taliya da kifin tuna abinci ne na gidajen Amurka. Ana haɗa shi da taliya mai ƙwai, da kifin tuna na gwangwani, da miya mai kauri ta madara da laimar kwaɗi irin wadda ake ci, sau da yawa har da koren fis da cuku. A yadda aka saba tun asali, akan juye haɗin a kwano mai zurfi, a barbaɗa garin busasshen burodi ko marmashin soyayyen dankalin Turawa a kai, sannan a gasa a tanderu har samansa ya yi ja. Ya fara bayyana a rubuce a wajajen 1930, ya yi tashe a shekarun 1950, daga shekarun 2010 kuwa magidanta da yawa suka koma dafa shi a tukunyar matsin tururi mai aiki da lantarki. Alaƙarsa da matsin tururi ta girmi wannan tukunya nesa ba kusa ba, domin kifin da miyar da aka gina shi a kansu dukansu da matsin tururi ake dafa su a masana'anta kafin su iso kicin.

Asalin dafuwa da matsin tururi

A buɗaɗɗiyar tukunya, a ƙasar da ke daidai da doron teku, ruwa yakan tafasa a digiri 100 na ma'aunin Selshiyas, kuma komai yawan wutar da aka ƙara ba zai wuce nan ba, sai dai ya tsere ya zama tururi. Idan aka rufe tukunyar ruf, tururin ya rasa mafita, matsi zai ƙaru a ciki, ruwan kuma ya ci gaba da ɗaukar zafi. In matsin ya ninka na iskar waje sau biyu, zafin yakan kai kimanin digiri 121. A wannan zafi, abin da ke cin sa'o'i kafin ya nuna yakan yi laushi cikin mintuna.

Wanda ya fara mayar da wannan ilimi tukunya shi ne Denis Papin, masanin kimiyya ɗan Faransa da aka haifa a 1647. Ya yi aiki da Christiaan Huygens a Faris, daga baya ya koma Landan wajen Robert Boyle. A 1679 ya nuna wa ƙungiyar masana ta Royal Society wata tukunyar ƙarfe mai murfin da ake ɗaurewa da noti, wadda ke dafa ƙashi har ya narke. A 1681 ya wallafa bayaninta, shekara guda bayan haka kuma aka shirya wa mambobin ƙungiyar liyafar da aka dafa a cikinta. Don kada ta fashe, Papin ya sa mata bawul mai ɗauke da nauyi, wanda ke ɗagawa da kansa ya saki tururi idan matsi ya yi yawa. Wannan dabara ce har yau ke tsaron masu girki. Burinsa shi ne a samar wa talakawa da matuƙan jirgin ruwa abinci mai gina jiki daga ƙasusuwa da tauraron nama, amma tukunyar ta yi nauyi da tsada da haɗari, don haka ta fi shekara 200 ba ta shiga gidajen jama'a ba.

Gwangwani da kifin tuna

Masana'antar adana abinci ce ta fara cin moriyar aikin Papin. A 1810 Nicolas Appert na Faransa ya wallafa hanyarsa ta toshe abinci a kwalba a tafasa shi don kada ya lalace, a shekarar kuma Peter Durand ya yi rajistar amfani da gwangwani a Ingila. Sai dai tafasa ta digiri 100 ba ta kashe irin ƙwayar cutar da ke haifar da gubar botulizim a abinci marar tsami kamar kifi da nama. Abin da ya kawo sauyi shi ne manyan tukwanen matsi na masana'anta, irin wadda A. K. Shriver na birnin Baltimore ya yi wa rajista a 1874. Ana jera gwangwanaye a rufe a cikinsu, a dafa su da tururin da ya zarce zafin tafasa, su fito suna iya shekaru a kan kanta.

A farkon ƙarni na 20 yawancin Amurkawa ba sa cin tuna. An fi saninsa a wajen baƙin haure daga Italiya da Japan. A 1903 kifin sadin ya yi ƙaranci a gaɓar San Pedro ta Kalifoniya, sai wani mai masana'anta, Albert P. Halfhill, ya gwada zuba tuna nau'in albako a gwangwanayensa. Ya lura cewa idan aka turara kifin, mansa yakan fita, tsokarsa ta yi fari, ƙarninsa ya ragu. 'Yan kasuwa suka riƙa tallata shi a matsayin kajin teku, daga nan kuma sunan kamfanin Chicken of the Sea ya samo asali. Masunta 'yan asalin Japan da ke tsibirin Terminal na gaɓar San Pedro suka kawo ƙwarewar kamun tuna da sanda da ƙugiya. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙara buƙatar abincin da ba ya lalacewa, kafin shekarun 1920 su ƙare tuna ya zama kayan cefane na yau da kullum har a jihohin da ke nesa da teku.

Miyar gwangwani da bayyanar abincin

Ɗaya daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen da aka sani na wannan girki ya fito ne a mujallar Sunset a 1930, wata mai karatu daga garin Kennewick na jihar Washington ce ta aika da shi. A wancan zamani uwargida ce ke haɗa farar miyar da hannunta: ta narka bota, ta zuba fulawa, ta riƙa tsiyaya madara tana juyawa don kada ta yi gudaji. Kwanon gashin ma ya riga ya samu, domin tun 1915 kamfanin Corning ya fitar da kwanonin gilashi na Pyrex masu jure wuta, waɗanda ake ɗaukowa daga tanderu a ajiye a kan tebur kai tsaye.

Kamfanin Campbell da ke Camden a jihar New Jersey ne ya rage wa mata wahalar miyar. Tun a 1897 wani masanin sinadarai na kamfanin, John T. Dorrance, ya gano yadda za a rage ruwan miya kafin a zuba ta a gwangwani, abin da ya sauƙaƙa jigila ya kuma sa ake sayar da gwangwani ɗaya a kan santi 10. A 1934 kamfanin ya fitar da miyar kirim da laimar kwaɗi. Da yake tana da kauri, idan ba a tsinka ta da ruwa sosai ba takan maye gurbin farar miya daidai wa daida. Kamfanin ya yi ta buga hanyoyin girki a jikin gwangwani da mujallu da ƙananan littattafai yana koya wa mata hakan. Koren fis daskararre shi ma ya shigo kasuwa a 1930, ta hanyar fasahar Clarence Birdseye.

Abincin ya bayyana ne a lokacin babbar karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929. Iyalin da ba su da kuɗin nama suna iya ɗaukar gwangwanin kifi ɗaya ko biyu, su yalwata shi da taliya mai araha, kowa ya ƙoshi.

Shekarun tashe

Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo cikas. A 1942 gwamnatin Amurka ta kwashe masunta 'yan asalin Japan daga tsibirin Terminal zuwa sansanonin tsarewa, rundunar ruwa ta karɓe jiragen kamun tuna da dama, kifin gwangwani kuma ya shiga jerin kayan da ake rabawa da ƙa'ida. Bayan yaƙi masana'antar ta farfaɗo da ƙarfinta, Amurka ta zama kan gaba a duniya wajen sarrafa tuna a shekarun 1950.

A waɗannan shekaru ne kasarol ɗin ya samu gindin zama. Mabiya ɗarikar Katolika ba sa cin nama ranar Juma'a, dokar da limamansu na Amurka ba su sassauta ba sai a 1966, kuma har yanzu tana aiki a lokacin azumin da ke gabanin Ista. Miliyoyin gidaje da makarantu na neman abincin Juma'a marar nama, tuna ya biya wannan buƙata. A jihohin tsakiya irin su Minnesota, inda mabiya ɗarikar Lutheran ke da yawa, ire-iren wannan gashi suka zama abincin walimar coci, inda kowane gida ke zuwa da kwanonsa. Shi ake kai wa gidan makoki, da gidan haihuwa, da maƙwabcin da aka sallamo daga asibiti, saboda yana jure tafiya, ana ɗumama shi gobe, kuma ba ya fin ƙarfin aljihun mai kaiwa. A nan darajarsa take: abinci ne da ya ba mai ƙaramin ƙarfi damar yin zumunci.

Daga baya farin jininsa ya ragu. A ƙarshen 1970 aka gano sinadarin makuri, wato zaiba, a wasu gwangwanayen tuna, hukuma ta janye su daga kasuwa. Damuwa kan dabbar dolfin da ke mutuwa a komar masunta ta sa manyan kamfanonin tuna na Amurka suka yi alkawari a 1990 cewa za su daina sayen kifin da aka kama ta wannan hanya. Likitoci suka riƙa jan kunne kan yawan gishirin miyar gwangwani. Masana'antun ma suka bar Kalifoniya zuwa Samowa ta Amurka da Puerto Rico, yau kuma Tailan ce ke kan gaba wajen fitar da tuna na gwangwani. A Afirka ta Yamma, tashoshin Tema a Gana da Abijan a Kodebuwa na cikin manyan cibiyoyin wannan sana'a.

Tukunyar matsi a gidaje

Tukunyar matsi ta shiga gidajen Amurka ne ta hannun manoma masu adana amfanin gona a kwalba, musamman bayan da ma'aikatar noma ta ƙasar ta bayyana a 1917 cewa matsin tururi ne hanyar da ta dace da abinci marar tsami. Ƙaramar tukunya ta girkin yau da kullum ta biyo baya: Alfred Vischer ya fitar da Flex-Seal a 1938, wani kamfani na garin Eau Claire a jihar Wisconsin kuma ya nuna Presto a bajekolin duniya na New York a 1939. Yaƙi ya tsayar da ƙera su saboda ana buƙatar alminiyon don jiragen sama. Da aka gama yaƙi sai masu ƙira barkatai suka cika kasuwa da tukwane marasa inganci, labarin fashewarsu ya bazu, tsoro ya shiga zukatan mata. A wasu ƙasashe tukunyar ta ci gaba da bunƙasa: kamfanin SEB na Faransa ya fitar da Super-Cocotte a 1953, a Indiya kuma, inda aka kafa kamfanin Hawkins a 1959, ta zama dole a gidan da ake dafa wake da shinkafa kullum.

A duk tsawon wannan zamani ba a cika haɗa kasarol na tuna da tukunyar matsi ba. Littattafan da ke zuwa da tukwanen kan murhu sukan gargaɗi mai girki da kada ya dafa taliya a ciki, domin tana kumfa, kumfar kuma na iya toshe kafar tururi.

Haɗuwar biyun

Tukunyar matsi mai lantarki ta bayyana a shekarun 1990, amma wadda ta karɓu ita ce Instant Pot, wadda injiniya Robert Wang da abokan aikinsa suka ƙera a Ottawa ta Kanada, ta shiga kasuwa a 2010. Tana da na'urorin auna zafi da matsi, tana rage wuta da kanta, murfinta kuma ba ya buɗuwa muddin akwai matsi a ciki. Matsinta bai kai na tukunyar murhu ba, tafasarta ba ta da hargitsi, shi ya sa taliya ta samu shiga.

Masu girki sun daidaita a kan wani tsari. Ana fara soya albasa da laimar kwaɗi a cikin tukunyar, a zuba romo marar kauri a kankare ƙasanta, sannan a shimfiɗa ɗanyar taliya yadda romon zai kusa rufe ta. Minti 2 zuwa 4 a ƙarƙashin matsi sun ishi taliya mai ƙwai. Ba a sa madara ko cuku ko miyar gwangwani a ƙasa tun farko, domin abu mai kauri yakan kama ya ƙone kafin tururi ya taru, madara kuma takan tsinke. Ana sakin tururin kaɗan-kaɗan saboda kumfa. Sai an buɗe murfi ake zuba kifin da fis da cuku da kirim, zafin taliyar ya ishe su, tunda kifin ya riga ya dahu a masana'anta kuma ƙarin matsi zai mayar da shi busasshe ne kawai.

Ribar wannan hanya ta fi yawa a wajen makamashi da wanke-wanke. Tukunya ɗaya ta maye gurbin ta tafasa taliya da ta miya da kwanon gashi, ba a zubar da ruwan taliya, sitacinsa ma shi ke ƙara wa miyar kauri, ba a kuma kunna tanderu na rabin sa'a a lokacin zafi. Asararta ita ce gasasshen saman nan mai ƙaras-ƙaras, wanda tururi ba ya iya samarwa. Waɗanda ba sa son rasa shi sukan soya garin burodi da bota a gefe su barbaɗa, ko su sa kwanon ƙarƙashin wutar gashi na 'yan mintuna.

Matsayinsa a yau

Abincin na nan a littattafan girki na coci-coci da na iyalai, da kicin ɗin ɗalibai da na ma'aikatan da ke dawowa gida a gajiye. Yana da ɗan'uwa a Ostareliya da ake kira tuna mornay, wanda ya riƙe miyar cuku ta hannu. Wasu masu girki na zamani sun koma haɗa farar miyar da kansu don rage gishiri, wasu kuma na riƙe da gwangwanin da suka ga iyayensu na amfani da shi. Duk lokacin da farashin nama ya tashi a Amurka, dalilan da suka haife shi a shekarun 1930 sukan dawo: kayansa na da araha, suna jiran ranar buƙata a kan kanta ba tare da firji ba, kuma ko wanda bai ƙware a girki ba zai iya ciyar da iyali da shi.