Independence Day: Resurgence

Independence Day: Resurgence fim ne na almarar kimiyya na ƙasar Amurka da ya fito a shekarar 2016. Roland Emmerich, ɗan asalin ƙasar Jamus, shi ne ya ba da umarni, kamfanin 20th Century Fox kuma ya rarraba shi. Fim ɗin ci gaba ne na Independence Day na shekarar 1996, yana kuma ba da labarin dawowar baƙin halittun sararin samaniya domin su sake kai wa duniya farmaki bayan shekara ashirin. Tsawonsa minti 120 ne. Duk da cewa an kashe masa kuɗi fiye da ninki biyu na fim ɗin farko, abin da ya samu a kasuwa bai kai rabin na farkon ba.

Labari

Bayan yaƙin 1996, ƙasashen duniya sun haɗa kai sun kafa rundunar tsaro guda ɗaya, suna amfani da fasahar da suka samu daga tarkacen jiragen maharan. Hedikwatar rundunar tana sansanin Area 51 a jihar Nevada, tana kuma da sansani a duniyar wata.

Daraktan rundunar, David Levinson, ya je tsakiyar Afirka ya duba wani jirgin maharan da ya sauka ƙasa bai tarwatse ba. A nan ya gano cewa jirgin yana haƙa rami ne zuwa cikin ƙasa, kuma ya aika saƙon neman ɗauki kafin a ci su da yaƙi. Ba a daɗe ba sai wani jirgi mai siffar ƙwallo ya bayyana kusa da wata, shugabanni suka ba da umarnin harbo shi bisa zaton abokin gaba ne.

Ranar 4 ga Yuli, ana bikin cika shekara ashirin da nasara, sai uwar jiragen maharan ta iso. Faɗinta ya kai mil 3,000, wato kusan kilomita 4,800. Ta rusa sansanin wata, ta lalata birane a Asiya da Turai har da Landan, sannan ta sauka a kan tekun Atlantika ta fara haƙa zuwa tsakiyar ƙasa. Manufar maharan ita ce su zuƙe narkakken abin da ke tsakiyar duniya su mayar da shi makamashi, abin da zai kawo ƙarshen rayuwa baki ɗaya.

Daga baya aka gane cewa ƙwallon da aka harbo na'ura ce mai hankali da ta zo taimakon 'yan Adam. Aka yi amfani da ita aka yaudari sarauniyar maharan zuwa hamadar da ke kusa da Area 51. Tsohon shugaban ƙasa Thomas Whitmore ya sadaukar da ransa ya tarwatsa jirginta da bam, matasan matuƙa jirage kuma suka ƙarasa ta. Mutuwarta ta sa uwar jiragen ta daina haƙa ta janye.

'Yan wasa

Liam Hemsworth a matsayin Jake Morrison, matuƙin jirgi.
Jeff Goldblum a matsayin David Levinson.
Bill Pullman a matsayin Thomas Whitmore.
Maika Monroe a matsayin Patricia, 'yar Whitmore.
Jessie T. Usher a matsayin Dylan Hiller.
Sela Ward a matsayin shugabar Amurka Elizabeth Lanford.
Brent Spiner a matsayin Dakta Brakish Okun.
DeObia Oparei a matsayin Dikembe Umbutu.

Shiryawa

An fara ɗaukar fim ɗin a watan Afrilun 2015, galibi a birnin Albuquerque na jihar New Mexico, an kuma kashe kimanin dala miliyan 165. Will Smith, wanda ya fito a matsayin Kyaftin Steven Hiller a fim ɗin farko, bai dawo ba. Saboda haka marubuta suka nuna cewa Hiller ya rasu wajen gwajin wani sabon jirgin yaƙi, suka ɗora nauyin labarin a kan Dylan da abokansa.

Afirka a cikin fim ɗin

Dikembe Umbutu jagoran mayaƙa ne a wata ƙagaggiyar ƙasa a yankin Kongo. A labarin, mutanensa sun shafe shekara goma suna gwabzawa da maharan da suka tsira daga jirgin da ya sauka, shi ya sa ya iya karanta rubutunsu, ya kuma san cewa ta baya ake kashe su. DeObia Oparei, wanda ya taka rawar, an haife shi a Landan, iyayensa kuma 'yan asalin Najeriya ne.

Kasuwa da sharhi

An fara haska fim ɗin a sinimomin Amurka ranar 24 ga Yuni, 2016. Ya samu kusan dala miliyan 390 a faɗin duniya, daga ciki kimanin miliyan 103 ne kawai daga Amurka da Kanada. Fim ɗin 1996 kuwa, wanda aka kashe wa dala miliyan 75, ya samu fiye da miliyan 817, ya kuma ci kyautar Oscar ta gwanintar haɗa hotuna.

Yawancin masu sharhi sun yaba da hotunan kwamfuta na rugujewar birane, amma sun soki labarin da cewa maimaici ne na farkon, taurarinsa sun yi yawa har mai kallo bai shaƙu da kowa ba. Da yawa sun ambaci rashin Will Smith a matsayin babban giɓi. An saka fim ɗin a rukuni biyar na kyautar Golden Raspberry, wadda ake bai wa finafinan da suka fi rashin kyau a shekara, sai dai bai ɗauki ko ɗaya ba.

Batun kashi na uku

Fim ɗin ya ƙare ne da Dakta Okun yana sanar da cewa 'yan Adam za su kai yaƙin har gidan maharan, abin da ya buɗe ƙofar kashi na uku. Ƙarancin ribar da aka samu ya dakatar da wannan shiri. A shekarar 2019 kamfanin Disney ya sayi 20th Century Fox, haƙƙin mallakar finafinan biyu ya koma hannunsa.