Daga Keke Zuwa Salula: Faston Ƙauye da Shugabanninsa a Jahar Maraɗi

Gabatarwa

Idan ana batun tarihin Jahar Maraɗi, abin da ya fi zuwa bakin malamai shi ne labarin sarakunan Katsina da na Gobir waɗanda suka yo hijira bayan jihadi, da cinikin gyaɗa, da alhazan birni. Ba kasafai ake tunawa da cewa a ƙauyukan gundumomin Gidan Rumji da Agye da Gazawa akwai ƴan tsirarun Hausawa Kirista ba, waɗanda kakanninsu suka karɓi wannan addini tun zamanin Turawa, kuma suke noman gero da wake kafaɗa da kafaɗa da ƴan'uwansu Musulmi. Jagoransu a kowane ƙauye shi ne fasto, ko kuwa mai bishara inda ba a naɗa fasto ba. Mutum ne da ke tsakanin jama'ar da ke ciyar da shi da shugabannin da suka turo shi. Hanya mafi sauƙi ta gane yadda wannan dangantaka ta sauya cikin kusan shekara ɗari ita ce a dubi kayan aikin da ya riƙa ɗauka, daga takarda da keke har zuwa salula, a kuma yi tambaya ɗaya game da kowanne: na wa ne?

Zamanin takarda da keke

Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda aka kafa a 1893, ta shigo Nijar daga Nijeriya ta sauka a Damagaram a 1924. Kafin shekarun 1920 su ƙare ta buɗe tasha a Tsibiri, gidan sarautar Gobir, wanda yau yake cikin gundumar Gidan Rumji. Turawan wannan mishan masu jin Ingilishi ne, daga Kanada da Amurka da sauran ƙasashe, saboda haka hukumomin Faransa ba su taɓa sakin jiki da su ba, musamman tsakanin 1940 da 1942, lokacin da gwamnatin Vichy ke riƙe da Afirka ta Yamma kuma aka takura musu zirga-zirga. Harshen aikinsu Hausa ne. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932, kuma shi ya zama allon karatun masu bi na farko.

A makarantar Baibul ta Tsibiri, daga baya kuma ta Agye, aka horar da masu bishara. Ana koya musu karatun boko da Hausa, da wa'azi, da waƙoƙin sujada, sa'an nan a tura su ƙauye da iyalansu su yi noma su ci da kansu, domin aƙidar mishan ita ce ikkilisiya ta tsaya da ƙafafunta. Sai dai duk abin da ke sada ƙauye da duniya yana tashar mishan: littattafai, da magani, da mota, da akwatin gidan waya. Mai bishara kan taka sayyada ko ya hau keke ya kai rahoto, adadin waɗanda suka zo sujada da waɗanda ke neman baftisma, Bature kuma ya buga da tafireta ya aika hedkwata. Wannan ya sa labarin waɗancan shekaru ya wanzu, amma da muryar wani. Wanda ya sha rana a hanyar Gulbin Maraɗi yakan bayyana a cikin takardun da sunansa kawai, da hukuncin da aka yanke a kan aikinsa.

A nan ne kuma aka shuka wani ƙorafi da ya daɗe. Kamar yadda masaniyar tarihi Barbara Cooper ta nuna a littafinta na 2006 kan Kiristocin wannan yanki, SIM ta fi ba da ƙarfi ga wa'azi da Hausa, ba ta ɗauki ilmin lakwal da Faransanci da muhimmancin da masu bi suke so ba. Asibitin Galmi da aka buɗe a 1950 da na kutare a Danja sun jawo wa mishan farin jini, amma iyaye Kirista suna ganin ƴaƴan wasu na zama ma'aikatan gwamnati, nasu kuwa ba su da harshen da ake shiga ofis da shi.

Murya daga nesa

Na'urar farko da ta yi magana a madadin mai bishara ita ce garmaho. Wata ƙungiya mai suna Gospel Recordings, wadda Joy Ridderhof ta kafa a Amurka a 1939, ta riƙa ɗaukar gajerun wa'azozi a harsuna da dama tana buga su a faifai, tare da ƙananan na'urori da ake juyawa da hannu. Bayan haka rediyo ya iso. A 1954 SIM ta buɗe gidan rediyon ELWA a Monrobiya ta ƙasar Laberiya, kuma ana shirya shirye-shiryensa na Hausa a Jos. Daga 1963 zuwa 1977 an kuma riƙa jin Muryar Bishara daga Addis Ababa, har sai da gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace tashar.

Rediyo ya rage wa mai bishara kaɗaici. Mutumin da ke riƙe da gida uku ko huɗu na masu bi a wani lungu na ƙasar Gazawa ya ji da kunnensa cewa akwai dubban masu irin imaninsa a Kano da Zariya da Jos. Amma akwatin yana magana ne ba ya saurare. Hausar da ke fita daga cikinsa ta Nijeriya ce, misalansa na can ne, waɗanda ke zaɓen abin da za a faɗa kuma ba su san farashin tiyar gero a kasuwar Agye ba. Jama'a suka fara auna wa'azin fastonsu da na gwanayen da suke ji da dare. Yaƙin basasar Laberiya ya rushe tashar ELWA a 1990, muryar da aka saba da ita shekara talatin da shida ta ɗauke ba tare da an nemi shawarar ko ɗaya daga masu sauraronta ba. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Hatimi ya koma hannun ƴan ƙasa

Daidai lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, ikkilisiyoyin da SIM ta haifa suka haɗu ƙarƙashin ƙungiya ɗaya ta ƴan ƙasa, wadda aka fi sani da EERN. Yanzu masu tura fasto aiki, da masu canja masa gari, da masu horonsa in ya yi kuskure, ƴan'uwansa ne. Amma tsarin isar da saƙo bai canja ba. Wasiƙa ce ake ba direban motar kasuwa ko wani mai zuwa Maraɗi, amsa kuma ta ɗauki makonni. Wanda ke kusa da tarho da mota da hatimi shi ke jin labari da wuri, shi ke ganawa da baƙi masu kawo taimako, shi kuma ke rubuta abin da taro ya yanke, sau da yawa da Faransanci, harshen da yawancin fastocin ƙauye ba su karanta ba.

Yunwar 1973 zuwa 1974 da ta 1984 zuwa 1985 sun ƙara wa wannan al'amari nauyi, domin hatsin agaji da kuɗin ayyukan raya karkara sun riƙa bi ta hannun mishan da ikkilisiya. A cikin shekarun 1980 ne ma'aikacin SIM Tony Rinaudo da abokan aikinsa suka yaɗa dabarar nan ta barin kututturen itace ya tofo a gona, wadda manoman yankin Agye suka yi fice a kanta. Aikin ya amfani Musulmi da Kirista, amma duk inda dukiya ta ratsa sai tambaya ta biyo: wa ya raba, wa ya samu, ina lissafi? Saɓani kan shugabanci da dukiya da dangantaka da mishan ya yi ta ruruwa, har a ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 ƙungiyar ta tsage, aka samu UEEPN da kuma Ikkilisiyar Salama a gefen EERN. Faston ƙauye, wanda ba kasafai yake cikin ɗakin da ake gardamar ba, ya wayi gari dole ya zaɓi ɓangare, alhali mutanen da ke zaune gabansa ranar Lahadi dangin juna ne.

A wannan zamani ne kaset ya shigo, kuma shi ne na'urar farko da ta ba ƙauye damar yin magana. Da rakoda ɗaya da batura, matan zumunta suka ɗauki waƙoƙin da suka tsara da kansu, fasto ya ɗauki wa'azin babban taro ya kawo wa waɗanda ba su je ba. Malaman Izala ma da kaset suka cika kasuwannin Maraɗi a shekarun nan, don haka makami ɗaya ne a hannun kowa. Bayan Taron Ƙasa na 1991 aka ba da damar buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu, sababbin ikkilisiyoyi masu salon Fentikos kuma suka shigo da lasifika da majigi, suna jan matasa. Tarzomar Nuwamban 2000 a Maraɗi, wadda ta tashi kan bikin nuna tufafi na FIMA kuma aka ƙona majami'ar Vie Abondante a cikinta, ta nuna wa tsofaffin fastoci abin da suka daɗe suna tsoro, wato ƙarar da wani ya ɗaga a birni tana iya jawo wa na ƙauye fitina.

Salula a aljihun fasto

Kamfanin Celtel ya fara aikin salula a Nijar a 2001, wasu kamfanoni suka biyo baya, layi kuma ya riƙa bin babbar hanya da manyan kasuwanni kafin ya shiga daji. Binciken masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ya nuna cewa tsakanin 2001 da 2006 shigowar salula ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, domin ɗan kasuwa ya daina tafiya don jin labari kawai. Abin da ya faru da labarin hatsi shi ya faru da labarin ikkilisiya. Wannan karon na'urar ta fasto ce, da kuɗin wakensa ya saya ko ɗansa da ke ci-rani ya aiko masa. Yana iya kiran shugaban gunduma ya ji dalilin jinkirin tallafi, ya kira takwaransa na Gidan Rumji ya ji ko shi ya samu, ya kira ɗan ikkilisiyarsa da ke aiki a Legas ko Agadas ya nemi gudummawar kwanon rufi ba tare da ya bi ta ofis ba. Da WhatsApp ya yaɗu, saƙon murya ya kawar da shingen Faransanci da na rubutu baki ɗaya, kowa na magana da Hausarsa.

Sai dai ƴancin ya zo da nasa nauyi. Da can nisa yana kāre fasto, umurni kan iso bayan ya huce. Yanzu shugaba na iya kiransa yana tsakiyar huɗa ya ce gobe a hallara a Maraɗi, a kuma turo rahoto da hotuna. Masu bi su ma ba su san dare ba: haihuwa, rashin lafiya, rikicin aure, sai su yi masa ƙyas su katse, shi ya kira da katinsa. Kuɗin kati da na caji a shagon mai hasken rana suna fita ne daga baikon da sau da yawa damin gero ne. Ƙorafin da a da dattawa huɗu za su kashe a zaure, yanzu wani kan ɗauka ya watsa, magana kuwa zarar bunu ce. Matasa kuma suna tafe da wa'azin manyan masu wa'azin Nijeriya a katin waya, masu alkawarin arziki da warkarwa, suna tambayar fastonsu me ya sa shi ba ya faɗin haka.

A ranakun tsanani aka fi ganin fuskoki biyu na wannan na'ura. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo, an ƙona gomman majami'u a Damagaram da Yamai. Ta waya kiran fitowa ya yaɗu, ta waya kuma maƙwabta suka gargaɗi maƙwabta su ɓuya. A Yunin 2019 an sake ƙona wata majami'a a Maraɗi. Daga wannan shekara ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kwararo gundumar Gidan Rumji, masu satar mutane don fansa kuma suka mai da lambar waya hanyar ciniki. A 2020, da aka rufe masallatai da majami'u saboda annobar korona daga Maris zuwa Mayu, da saƙon murya fastoci da dama suka riƙe garkensu.

Kammalawa

Tafiyar kusan ƙarni guda ta nuna cewa duk lokacin da kayan isar da magana suka sauka daga hannun na sama zuwa na ƙasa, shugabanci yakan tilasta ya koyi bayani da lissafi, na ƙasa kuma yakan ɗauki ɗawainiyar da bai saba da ita ba. Amma akwai wata asara da ba a cika lura da ita ba. Rahotannin Turawan Tsibiri suna nan a adane a ma'ajiyar SIM a Amurka, mai bincike na iya karanta su. Muryar fastocin ƙasa kuwa, yanzu da suka samu bakin magana, tana cikin kasusuwan da zafi ke narkarwa da wayoyin da ke faɗawa rijiya ko a goge su don samun wuri. In ba a yi hattara ba, zamanin da Bahaushen ƙauye ya fi yin magana da kansa shi zai fi ƙarancin shaida. Wannan bai tsaya ga Kirista ba, haka yake ga limamai da sarakunan noma da makaɗa. Aiki ne da malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu za su iya farawa da abin da ke aljihunsu: a zauna da tsofaffin da suka yi karatu a Tsibiri da Agye tun suna raye, a ɗauki maganarsu, a juye tsofaffin kaset, a rubuta suna da gari da shekara, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya.