Takardun Gidan Waziri

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta rasu a 1864, amma har yau muna karanta waƙoƙinta na Larabci da Fulatanci da Hausa. Dalili kuwa, Waziri Giɗaɗo ne mijinta, kuma gidan Waziri a Sakkwato ne ke riƙe da wasiƙun daula. Zuriyarsu ta adana takardun har zamanin Waziri Junaidu. Nan wata Baturiya, Jean Boyd, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana jerawa. A 1997 ita da Beverly Mack suka buga rubuce-rubucen Nana cikin littafi guda.

Mu fa? Kundayen kakanninmu na cikin adaka, gara na ci. Almajirai, ku buɗe su, ku rubuta sunan kowane littafi da mawallafinsa. Allah Ya ba mu iko, amin.