Kyamara da Ganuwar Zazzau: Wa Ke Jiran Wani?

A tsakanin matasa masu sha'awar ɗaukar hoton gari da duwatsu, zancen da ba ya ƙarewa shi ne na sauya kyamara. Wannan ya ce tasa ta tsufa, wancan ya ce sai ya tara kuɗin sabuwa tukuna zai fita aiki. To, kafin mutum ya kwance bakin aljihu, yana da kyau ya waiwayi tarihin hotunan birnin Zariya.

Birni ne da Allah ya yi wa abin ɗauka. Ga ganuwa mai tsawon kimanin kilomita 15, ga ƙofofi irin su Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, ga Dutsen Madarkaci a cikin gari, ga na Kufena yana leƙowa daga yamma. Lokacin da Turawan Ingila suka shigo a 1902, kyamarorin zamanin akwatuna ne masu jinkiri, hotonsu baƙi da fari. Amma da irinsu aka adana mana kamannin garuruwan Arewa na wancan lokaci.

Babban misali shi ne Masallacin Juma'a na ƙofar fada, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Foland, Zbigniew Dmochowski, ya yi wa hukumar adana kayan tarihi aiki tun daga ƙarshen shekarun 1950. Shi da mataimakansa 'yan Nijeriya suka bi gine-ginen gargajiya suna aunawa, suna zanawa, suna ɗauka da kyamarar fim. A shekarun 1970 aka sabunta masallacin, ginin siminti ya lulluɓe tsohon, siffarsa ta waje ta tafi. Yau mai son ganin yadda yake a da, sai dai ya duba waɗancan hotuna da zane-zane, ko ya je Jos inda aka gina kwaikwayonsa a gidan tarihi. Da sun ce bari su jira kyamarar da ta fi tasu, ai da an yi biyu babu.

Ita kyamara kullum cikin sauyi take. A zamanin fim mai ɗaukar hoto 36, mai hoto sai ya yi lissafi kafin ya danna, don kowane dannawa kuɗi ne. A 1975 injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko, kuma a 2012 shi kansa Kodak ɗin ya durƙushe. 'Yan fim ma shaida ne. Da kyamarar kaset aka ɗauki Turmin Danya a Kano a 1990, kuma daga nan masana'antar ta miƙe, aka zo zamanin faifan CD, aka wuce.

Ba cewa ake sabuwar kyamara ba ta da amfani ba. Mai son buga hoto ƙato na bango, ko ɗaukar cikin soro mai duhu inda bakan gizo ke haɗuwa, lallai zai ga bambanci. Amma ganuwa da dutse ba gudu suke ba. Abin da suke buƙata shi ne sammako, da sanin hasken hantsi da na la'asar sakaliya, da haƙurin jiran hazo ya washe. Wannan kuwa ba a sayar da shi a kanti.

Abin tsoron ma shi ne ganuwar ce ke ƙarewa. Damina na cinta, masu ɗibar ƙasa na ci, gidaje na hawa kanta. Wayar da ke aljihunka ta fi abin da magabata suka yi aiki da shi sauƙi nesa ba kusa ba. Don haka, ɗan'uwa, fita da wadda kake da ita, ka rubuta rana da wurin da ka ɗauka, ka wanke hoton a takarda ka adana. Sabuwar kyamara za ka same ta a kasuwa baɗi. Wani sashe na ganuwar kuwa, ƙila daminar bana ce ta ƙarshe gare shi.