Tristan da Cunha: Tarihi da lafiyar mutanen tsibiri mafi nisa a duniya

Tristan da Cunha tsibiri ne a kudancin Tekun Atlantika da ke ƙarƙashin ikon Birtaniya, kuma ana ɗaukarsa a matsayin mazaunin ɗan Adam mafi nisa da sauran jama'a. Tsakaninsa da birnin Cape Town na Afirka ta Kudu akwai kimanin kilomita 2,800. Ba shi da filin jirgin sama, sai dai tafiyar kusan kwana shida a jirgin ruwa. Mazaunansa ba su wuce mutum 250 ba, dukkansu a gari ɗaya.

Wani matuƙin jirgin ruwa ɗan ƙasar Fotugal, Tristão da Cunha, ne ya fara hango tsibirin a 1506. A 1816 Birtaniya ta girke sojoji a can, don kada a bi ta nan a kuɓutar da Napoleon, wanda ke tsare a tsibirin St Helena. Da aka janye sojojin a 1817, sai Kofur William Glass ya zaɓi zama tare da iyalinsa. Daga baya wasu ma'aikatan jiragen ruwa suka zauna, aka kuma kawo mata biyar daga St Helena a 1827. Kusan duk 'yan asalin tsibirin na yau zuriyar kakanni 15 ne.

Wannan ƙarancin kakanni ya bar tabo a lafiyarsu. Wasu daga cikin mazaunan farko suna da cutar asma, wato fuka, kuma auratayya tsakanin dangi ta yaɗa ta. Binciken da masana daga Jami'ar Toronto ta Kanada suka gudanar a 1993 ya nuna fiye da rabin mutanen suna da wasu alamun cutar, yayin da aka tabbatar da ita ga kusan ɗaya cikin huɗu.

Nisan na kare su daga cututtuka masu yaɗuwa, amma kariya ce mai rauni. Likitoci sun lura cewa mura kan ɓulla ne bayan isowar jirgi, ta zagaye garin, sannan ta ɓace, domin babu isassun mutanen da za su ci gaba da ɗaukarta. Da yake jiki bai saba da ƙwayoyin cutar ba, idan ta shigo takan kwantar da kusan kowa, kamar yadda ta faru a 1971, lokacin da mura mai tsanani ta kama fiye da kashi 90 cikin 100 na mazauna.

A watan Oktoban 1961 dutse mai aman wuta ya fashe dab da garin, aka kwashe mutum 264 zuwa Ingila. Can suka yi fama da ciwon ƙirji da sanyin hunturu, wasu tsofaffi suka rasu. A 1963 mafi yawansu suka koma gida, abin da ya ba Turawa da dama mamaki.

Haƙoransu ma sun ja hankalin masana. Tawagar masu bincike daga Norway da ta ziyarce su a 1937 zuwa 1938 ta tarar ruɓewar haƙori ba ta da yawa, lokacin da abincinsu dankalin Turawa ne da kifi da ƙwan tsuntsayen teku. Da sukari da fulawa suka yawaita ta hanyar kanti, sai ciwon haƙori ya ƙaru.

A yau akwai cibiyar lafiya ta Camogli, wadda aka buɗe sabon gininta a 2017. Mara lafiyar da ke buƙatar babbar tiyata kuwa sai ya jira jirgin da zai kai shi Cape Town.